Wa Zai Feɗe Mana Waƙoƙin Gambarar Matasanmu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da wasu za su ga kamar bai kai a kawo shi shafin wasiƙu ba, alhali kuwa yana cin lokaci da hankalin ɗimbin matasanmu a kullum, wato waƙoƙin gambarar zamani da ake kira rap ko hip-hop, da kuma yadda muke yanke musu hukunci. Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare a cikin garin Bauchi, kuma nazarin waƙa, rubutacciya da ta baka, yana cikin abin da nake koyarwa, saboda haka gardamar da ta shafi waƙa takan tsaya mini a rai.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wani tsohon kundin waƙoƙi daga Amurka mai suna Illmatic, kundin farko na mawaƙin nan Nas, wanda ya cika shekara 30 da fitowa a watan Afrilun 2024. Daga wannan lokaci sunansa ya dawo bakin samarin da ke bibiyar irin waɗannan waƙoƙi a nan, musamman ɗaliban da ke zaune a Yelwa da Gwallameji, domin sun riƙa cin karo da shi a Facebook da YouTube ana ta cewa yana cikin kundayen gambara mafi inganci da aka taɓa yi. Da yawa sun nemo shi sun saurara, kuma abin da suka faɗa bayan sun saurara ya sha bamban ƙwarai da abin da masana suka rubuta. Wannan saɓani nake so mu duba, domin ina ganin yana nuna wani giɓi da ke cikin gidanmu, wanda jarida irin taku za ta iya cike shi.

Kundin ya fito ranar 19 ga Afrilu, 1994, a ƙarƙashin kamfanin Columbia, lokacin mawaƙin yana ɗan shekara 20. Sunansa na yanka Nasir, mahaifinsa Olu Dara mabushi ne a fagen kiɗan jaz, kuma ya tashi ne a Queensbridge da ke birnin Niyok, rukunin gidajen gwamnati na marasa ƙarfi mafi girma a Amurka, inda gidaje sama da 3,000 ke cunkushe cikin benaye 96. Bai kammala sakandare ba. Ƙuruciyarsa ta zo daidai da zamanin da wani nau'in hodar iblis mai araha ya mamaye unguwannin baƙaƙen fata, har ta kai a shekarar 1990 kaɗai an kashe mutum sama da 2,000 a birnin. A 1992 aka harbe amininsa na yarinta har lahira, aka kuma raunata ƙanensa a wannan hari. Daga cikin wannan rayuwa ya ɗebo waƙa tara da gabatarwa ɗaya, duka-duka ba su cika minti 40 ba.

Masu sharhi sun karɓe shi hannu bibbiyu tun kafin ya shiga kasuwa. Mujallar The Source, wadda a lokacin ita ce alƙaliyar wannan fage, ta ba shi alamar makirufo biyar, matakin ƙoli da ba kasafai take bayarwa ba, balle ga ɗan yaron da bai taɓa fitar da kundi ba. Sai dai masu saye ba su yi rububin da aka zata ba. A makon farko ya sayar da kwafi wajen 60,000, ya tsaya a lamba 12 a jadawalin Billboard na kundayen da aka fi saye a Amurka, alhali wata biyar kafin nan kundin farko na Snoop Dogg, daga can Kalifoniya, ya sayar da sama da 800,000 a mako guda. Gaskiya ne 'yan satar fasaha sun yi masa illa, domin kaset ɗinsa ya bazu a tituna kafin ranar fitowa, amma wannan bai isa ya bayyana tazarar ba. Sai a watan Janairun 1996 ya kai kwafi 500,000, bai kuma cika miliyan ɗaya ba sai a Disambar 2001, bayan shekara bakwai da 'yan watanni. A 2021 ne Babban Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya shi cikin sautukan da ƙasar ke adanawa saboda darajarsu ta tarihi. Ke nan ko a garin da aka haife shi, kunnen jama'a ya daɗe kafin ya iso inda alƙalamin masana ya tsaya tun ranar farko, don haka bai kamata mu yi mamakin abin da ya faru da ya iso Bauchi ba.

Na ga yadda abin yake da idona a wani shagon aski a Gwallameji. Wani saurayi ya miƙa wa mai askin wayarsa ya haɗa da lasifika, ya ce yau zai jiyar da mutane waƙar gaske. Aka wuce gabatarwa, aka shiga waƙar farko, wadda ke tafiya a kan 'yan sautukan fiyano kaɗan masu nauyi da ganga mai bugu ɗaya. Ba a yi nisa ba wani da ke kan benci yana jiran layi ya ɗago kai ya ce, “Wai ina amshin ne? Mutum ya kama magana tun ɗazu ko numfashi ba ya yi, kiɗan kuma abu ɗaya yake ta maimaitawa.” Na kusa da shi ya ce a taimaka a sa musu abin da zai motsa jiki. Mai wayar ya fusata, ya ce su ba su san waƙa ba, wannan kundi a jami'o'in Amurka ma karanta shi ake yi. Da kura ta lafa na ce masa, “Samari, me waƙar take cewa?” Ya amsa mini da cewa rayuwar geto ce. Na nemi ya kawo mini baiti ɗaya ya warware shi, sai ya ce ai Turancin nasu yana da sauri, amma dai kowa ya san babu kamarsa.

Wanda ya tambayi amshi ban ga laifinsa ba, kuma ina ganin ya fi kowa gaskiya a shagon. Kunnen Bahaushe ya tashi ne da waƙar da ke da gindi, jagora ya yi ɗa 'yan amshi su karɓa, tun daga makaɗan fada irin su Narambaɗa har zuwa Shata da kalangunsa, kuma waƙoƙin finafinan Hausa da na kudu da suka cika wayoyin matasa a yau duk a kan amshi mai daɗin rerawa aka gina su. Shi kuwa wannan kundi amshinsa gajere ne, wani lokaci ma guntun murya ce da aka tsinko daga wani faifai ana murza ta da hannu. Masu haɗa kiɗan, su DJ Premier da Pete Rock da Large Professor da Q-Tip da L.E.S., sun yanko guntaye ne daga tsofaffin faya-fayen jaz da makamantansu, har da wani daga waƙar Michael Jackson, suka ɗora su a kan ganga suna maimaitawa da gangan, domin kiɗan ya zama shimfiɗa magana ta hau kansa. Idan aka ce nauyin aikin duka yana kan magana, to wanda bai ji maganar ba an bar shi da shimfiɗa kawai. Turancin kuma ba na aji ba ne. Karin harshen unguwa ne mai cike da zaurance da laƙubban 'yan sanda da na miyagun ƙwayoyi da sunayen tituna, wanda ko mai digiri a Turanci daga cikinmu sai ya nemi rubutun baitocin ya zauna da su kafin ya kama zaren. Mutumin da ya ce bai ji daɗinsa ba ya faɗi abin da kunnensa ya gaya masa, kuma ba a tilasta wa kowa son waƙa don wata mujalla a wata ƙasa ta yabe ta.

Mai wayar ne ya fi damuna, domin irinsa suna da yawa, kuma su ne ke da baki a intanet. Yana yabon miyar da bai ɗanɗana ba, don kawai ya ji an ce gwanar girki ce ta dafa. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi, amma irin wannan yabo na ji-an-ce shi ake mayarwa sanda a doke namu yaran da shi. Duk sa'ad da wani matashi ya fitar da gambara da Hausa, za ka ga an rubuta masa a ƙasa cewa ya je ya saurari Nas tukuna, kuma mai rubutun ba zai iya gaya masa abin da zai koyo a can ba. Ta haka sunan kundin ya zama abin taƙama da nuna wayewa, darasin da ke cikinsa kuwa ya tsaya a inda yake ba wanda ya ɗauko.

Darasin kuwa yana nan, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A cikin kundin akwai wata waƙa mai suna “One Love” wadda aka zuba ta a siffar wasiƙa zuwa ga abokai da ke gidan yari. Mawaƙin yana ba ɗaurarre labarin unguwa yadda duk mai rubuta wa ɗan'uwansa zai yi: yana yi masa barka da ɗan da aka haifa masa bayan an kama shi, yana tambayar dalilin da ya sa matar ba ta rubuto masa, yana faɗa masa wanda aka harba da wanda ya canza hali, yana kuma nuna yadda kukan mahaifiyar abokin ke ƙona masa rai. A baiti na ƙarshe ya bar wasiƙar ya koma kan wani benci a cikin unguwa, inda yake zaune da wani yaro ɗan shekara 12 da ya riga ya fara shan wiwi da riƙe bindiga, yaron yana ba shi labarin harbi yana dariya, shi kuma yana neman kalmar da zai ja masa kunne da ita ba tare da yaron ya tashi ya bar shi ba. Babu inda mawaƙin ya tsaya ya ce ga illar rayuwar banza. Ya ajiye maka yaron a gabanka da shekarunsa da dariyarsa, ya bar ka da abin da zuciyarka za ta yi. Duk wanda ya san “Karen Mota” ta marigayi Ɗan Maraya Jos ya san wannan hikima, ta ɗaukar mutumin da kowa ke wucewa a tasha a zana shi har sai an gan shi. Abin da masana suka gani ke nan, tare da cewa waƙoƙin tara duka suna tsaye a unguwa ɗaya, babu wadda aka cusa don cike gurbi, kuma baƙon mawaƙi ɗaya tak aka gayyato a kundin gaba ɗaya.

Sai kuma gwanintar sarrafa harshe. A rubutacciyar waƙarmu mun saba da babban amsa-amo a ƙarshen baiti da ƙarami a ƙarshen ɗangogin ciki. Nas, bisa tafarkin magabatansa irin su Rakim da Kool G Rap, yakan dasa amsa-amo a tsakiyar ɗango, gaɓa biyu ko uku a jere suna amsa wa junansu, sannan ya tsallaka da jimla daga wannan ɗango zuwa na gaba ba tare da ma'ana ta karye ko bugun ganga ya kuɓuce masa ba. Abin da wancan saurayi ya ji kamar rashin numfashi, a nan ne gwanintar take. Wannan dabara ce da Hausa za ta iya ɗauka cikin sauƙi, da yake harshe ne mai yalwar kalmomi masu ƙarewa da wasali, kuma na ji wasu daga cikin yaranmu suna yin ta da kyau ba tare da kowa ya lura ya yaba musu ba.

Akwai kuma martani na uku da ba a cika jin sa a intanet ba, amma shi ya fi ƙarfi a cikin gidaje, wato na iyaye. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya kuma yana jin Turanci sarai, ya tarar da ɗansa yana sauraron kundin, ya tsaya ya ji na ɗan lokaci, sannan ya sa aka kashe. Abin da ya gaya mini daga baya shi ne, bai ga bambancin wannan da hirar 'yan sara-suka ba, in ban da an sa mata kiɗa. Ban ɗauki maganarsa da wasa ba, domin yana da hujja. Kundin cike yake da ashar, da ambaton wiwi da giya da bindiga, da kalmomin da ke ƙasƙantar da mata, kuma akwai wuraren da mawaƙin ya bar bayar da labari ya shiga kirari da abin da bai kamata a yi kirari da shi ba. Ni kaina ba zan sa shi a aji ba. Mai sharhi a Niyok yana iya wuce waɗannan ba tare da ya tsaya ba, saboda kunnensa ya saba, amma mu da muka san abin da sara-suka ta yi wa unguwannin Bauchi, da abin da Kalare ta yi wa Gombe, da yadda shan kodin ya yi ƙamari har Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018, ba mu da wannan sararin. Duk da haka ina ganin akwai tazara tsakanin mai nuna ɓarna don a gan ta da mai tallata ta don a so ta, kuma a cikin wannan kundi akwai duka biyun, na farkon ya fi yawa. Rarrabe su aiki ne na mai nazari. Idan babu mai yin wannan aiki, uba zai haramta duka, ɗa kuma zai haɗiye duka, kuma abin takaici shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin kwaikwayo shi ne ashar ɗin. Shi ya sa kake jin yaron da bai taɓa ganin bindiga ba sai a hannun ɗan sanda yana cika baki da harbi cikin aron kalmomi, alhali labarin abokinsa da ya fara da sholisho ya ƙare a gidan yari, wanda ya gani da idonsa kuma al'umma ke buƙatar ji, yana nan bai taɓa shi ba.

Shi ma Nas ɗin bai tsira daga wannan ja-in-ja tsakanin masana da kasuwa ba. A 1996 ya fitar da kundinsa na biyu, It Was Written, da kiɗa mai santsi da amshi mai daɗin rerawa, har da muryar Lauryn Hill, kuma nan take ya hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard, ya sayar da abin da na farkon bai taɓa kusanta ba a lokacin. Sai masoyan kundin farko suka juya masa baya suna cewa ya bi kuɗi ya bar gaskiya, kuma tun daga nan duk abin da ya fitar da Illmatic ake auna shi. Bai samu kyautar Grammy, babbar lambar yabon mawaƙa ta Amurka, ba sai a 2021. Abin lura shi ne, a duk tsawon wannan gardama akwai mujallu da jaridu da ke rubuta hujjar kowane ɓangare, shi ya sa har yau wanda ba a haifa ba a 1994 zai iya komawa ya karanta ya auna da kansa.

A nan gida ma mun ga lokacin da bakin masana da na jama'a ya zo ɗaya. M.I Abaga, wanda aka haifa a Jos maƙwabciyarmu, ya fitar da kundinsa na farko, Talk About It, a ƙarshen 2008 a ƙarƙashin kamfanin Chocolate City, kuma a 2009 ya lashe kyautuka biyu na MTV na nahiyar Afirka a Nairobi, ta sabon mawaƙi da ta gwanin hip-hop. Masu sharhi a jaridun Legas sun yabe shi, samari kuma sun haddace shi, domin ya yi magana a kan abubuwan da ɗan Nijeriya ya sani, da Turancin da ɗan Nijeriya ke ji, ya kuma bar wa amshi gurbinsa. Wannan ya nuna cewa saɓanin da na gani a shagon aski ba dole ba ne. Yakan ragu matuƙa idan mawaƙi da mai sauraro suna shan ruwan gari ɗaya, kuma akwai wani a tsakani mai yi wa jama'a bayanin abin da suke ji.

Wannan na tsakanin ne ba mu da shi a gambarar Hausa. Mawaƙa kam muna da su. Jihar Bauchi ta fitar da ClassiQ da B.O.C Madaki, Kaduna na da DJ AB, Kano ta daɗe da irin su Ziriums, a Jamhuriyar Nijar ma an daɗe ana yin ta, kuma tashar Arewa24 ta ba wannan fage fili a shirye-shiryenta. A bayan waɗannan akwai ɗaruruwan da ba a san su ba, masu tara kuɗin acaba ko na ɗinki ko na gyaran waya su biya situdiyo waƙa ɗaya bayan ɗaya, har su haɗa kundin farko. Ranar da kundin ya fito a Audiomack ko Boomplay, abin da yaron zai samu shi ne ɗan hoton wuta na yabo daga abokansa, zagi daga magoya bayan wani mawaƙin, da tambayar ko ya kai wane. Masu tura waƙa a waya a Wunti da Muda Lawal za su zaɓi biyun da suka fi kiɗan rawa su zuba wa mutane a memori, sauran su bi ruwa, 'yan TikTok kuma su yanki daƙiƙa talatin su yi rawa da ita. Tsarin da ya ɓata dare yana yi, na wace waƙa za ta buɗe wace za ta rufe, babu wanda zai ji shi. Babu wanda zai gaya masa cewa waƙarsa ta huɗu ita ce mafi ƙarfi don a nan ne ya faɗi abin da ya sani, ko cewa ta bakwai aro ce daga bakin wani, ko cewa Hausarsa tana karyewa duk inda ya tilasta wa kalma ta yi amsa-amo. Yaron da bai samu wannan ba, darasi ɗaya kasuwa za ta koya masa, shi ne ya rage magana ya ƙara kiɗa, kuma a kundi na biyu za ka tarar ya yi hakan. Shafukan nishaɗi na jaridunmu kuwa, Malam Edita, in ka duba za ka ga sun fi karkata ga aure da saki da saɓanin taurari fiye da aikin da ya sa aka san taurarin.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da kayan aikin a hannu. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa mana gadon feɗe waƙa, inda ake bin jigo da warwararsa, da zubi da tsari, da salo da sarrafa harshe, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tsara hanyar nazarin waƙar baka tun daga turke har zuwa kiɗa da rerawa. Gambarar zamani tana tsakanin biyun, domin rubuta ta ake yi kafin a hau kiɗa da ita, saboda haka duka hanyoyin za su yi mata amfani. Kowace shekara sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i da kwalejojin ilimi suna yaye ɗaliban da suka iya wannan aiki, sai dai nazarin nasu yakan ƙare a kan kanta a ɗakin karatu, mawaƙi bai gani ba, mai sauraro bai gani ba. Bauchi kuwa gari ne da ya san darajar waƙa mai faɗar gaskiya, tunda nan ne mahaifar Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, wanda “Arewa Jumhuriya ko Mulukiya” tasa ba ta yi wa kowa daɗi ba a zamaninsa, amma yau ana karanta ta a makarantu, jami'ar jiha da ke Gadau kuma tana ɗauke da sunansa. Ba ina daidaita yaran yau da shi ba ne. Ina cewa ne waƙoƙinsa sun iso gare mu domin an samu waɗanda suka rubuta su, suka buga su, suka yi musu sharhi, kuma in akwai mai irin wannan baiwa a cikin masu gambara a yau, ta wannan hanya kaɗai za a gane shi.

Saboda haka roƙona gare ku shi ne ku ware fili, ko sau ɗaya ne a wata, don feɗe kundin gambarar Hausa guda ɗaya. A ba wanda ya san waƙa kuma yake mutunta masu yin ta, ya saurari kundin daga farko har ƙarshe ba sau ɗaya ba, ya kawo baitoci a rubuce yadda mai karatu zai gani da idonsa, ya faɗi inda aka yi gwaninta da inda aka yi rauni, ya kuma fito fili ya ce wannan waƙa ana iya jin ta a gaban iyaye, waccan kuwa ba a iyawa, da dalilinsa. Kada ya karɓi ko sisin kwabo daga mawaƙi ko mai ɗaukar nauyinsa, domin ranar da aka fara sayen sharhi ranar ya tashi daga aiki. A gefen sharhin kuma a buga ra'ayoyin masu sauraro yadda suka zo, na mai aski da na ɗaliba da na uba, har da na wanda ya ce bai ji daɗin kundin ba sam, domin hukuncin mai nazari ba ya soke nasu, kuma sau da yawa su ne za su nuna masa abin da ya tsallake. Ina ba da shawarar a fi ba kundayen farko muhimmanci, na waɗanda ba su yi suna ba tukuna, daga Bauchi da Gombe da Azare da sauran garuruwan da ba su da manyan situdiyo, domin a wannan mataki ne gyara ke shiga. Idan kun amince, ni da wasu abokan aikina malaman Hausa a shirye muke mu riƙa aiko muku da sharhin ba tare da an biya mu ba, kuma za mu nemi izinin kowane mawaƙi kafin mu buga baitocinsa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Wani malamin Hausa,
daga Bauchi.